Intex Challenger K1: Kayak ɗin Hurawa Ga Ɗan Koyo

Ƙaramin kwalekwale ne na roba da ake hura wa iska. Tsawonsa mita 2.74, faɗinsa santimita 76, yana ɗaukar mutum ɗaya da kayansa har kilo 100. A cikin kwalin akwai famfon hannu, filafili mai baki biyu da faci na like huda. Rigar ceto kam ba ta ciki, a saye ta daban, kuma kada a shiga ruwa ba ita.

Faɗin nan shi ne alherinsa, domin ba ya saurin kifewa ko da ɗan koyo ya karkata. Amma gajere ne marar nauyi, shi ya sa hancinsa ke kaɗawa dama da hagu da kowane tuƙi. Maganin wannan shi ne ɗan fiffiken roba da ake zurawa a ƙasansa ta baya. Wanda ya manta da shi zai wuni yana zagaye wuri ɗaya. Wajen tuƙi kuma, sai a fara ɗora filafili a ka, a gyara riƙo har gwiwoyin hannu su yi kusurwa 90, sannan a sauke shi a tsoma bakinsa a ruwa daidai ƙafa, a fitar daidai ƙugu, ana juya gangar jiki. Tuƙi da damtse kawai gajiya yake kawowa.

Wajen hurawa ake yawan ɓarna. Iskar ciki tana kumbura a rana, in an cika shi tam aka bar shi a gaɓa ɗinkin zai iya buɗewa. A shanya shi sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Na tafki ne da kogi mai kwance. Ranar da iska ke kaɗawa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa, a bar shi a jakarsa.