Kano zuwa Legas kai kaɗai a mota: wace hanya, wace mota, ina za a kwana?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, na daina yi wa wannan tafiya lissafi da naira. Da lita nake yi, sai in tambayi farashin ranar a gidan mai.

A fara da hanya, don ita ce ke yanke sauran lissafin. Ta Jebba ta fi kusa: Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, wajen kilomita 1,000. Sai dai ɓarin da ya bi ta Birnin Gwari da Tegina ya daɗe yana fama da ’yan bindiga, kuma in ka kauce ta Lambata da Bida, za ka tarar da tireloli da tankoki sun cinye kwaltar. Tirela ɗaya ta kwanta, an kwana ke nan. Ta Lokoja kuwa, wato Kaduna, Abuja, gadar Murtala a Jamata, Okene, Akure, Ife, ta kusa kai 1,200. Ƙarin bai wuce lita 15 zuwa 20 ba a ƙaramar mota, kuma akwai garuruwa a jere, da bakanike da mai faci. Ni ita nake bi, sai fa ƙarshen damina. A Oktoban 2022 ambaliya ta shanye titin wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Mota kuma, mutum ɗaya da jakarsa ba ya buƙatar Sienna. Corolla mai lafiyar inji tana shan kamar lita 8 a kilomita 100 da sanyi a kunne, wato kusan lita 100 zuwa Legas, tanki biyu ke nan. Sienna za ta nemi wajen 140. Abin da ta fi da shi faɗi ne, in akwai kaya. Corolla kuwa ko a ƙauye ta lalace ba ka rasa mai kayanta. Hayar mota da direba ta fi duka tsada, domin man dawowarsa da abincinsa da kwanansa duk a wuyanka suke, amma in ba ka taɓa yin awa shida a sitiyari ba, ka duba ta.

Inda mutane ke son yin tsimi shi ne kwana, kuma nan ne bai kamata ba. Direbobin haya suna yin tafiyar a miƙe, amma su sana’arsu ce. Na taɓa gwadawa. Bayan Okene, da la’asar, na farka ne da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota, tayoyin dama sun riga sun sauka daga kwalta. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Tun daga ranar nake tashi bayan sallar asuba, in kwana a Lokoja, in sake sammako. Abuja ta fi yawan masauki amma da tsada, kuma ta bar maka kusan kilomita 750 washegari. Ka nemi otal mai katanga da maigadi. Kwana a mota a gidan mai, a’a.

Kafin tashi a yi juyen baƙin mai, a duba birki da lagireto, a tabbatar safaya na da iska. Takardu su cika: lasin, rajistar mota, da inshorar nan ta dole, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023. Kar ka manta tukunyar kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku; a shinge su ake fara tambaya. Riƙe ’yan canji a aljihu, sauran kuɗin a banki, ka kuma sanar da wani a gida kowane garin da ka wuce.

Ka auna tafiyar ta yadda za ka baro Ibadan da sauran rana, domin cunkoson Berger, a mashigar Legas, da magariba yana iya cin awa biyu.