Batumi ko Abkaziya: ina ya fi dacewa a je kallon zanen mozayik da mota?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce zai ɗauki hayar mota a ƙasar Jojiya ya bi gaɓar Bahar Aswad don ganin mozayik na zamanin Sobiyet, wato zanen da ake haɗawa da gutsattsarin gilashi mai launi da tayil a jikin siminti. Yana tambaya ko ya tsaya a yankin Batumi, birnin Jojiya da ke bakin tekun, ko ya ƙarasa yankin Abkaziya.

Malam, in kyau ake magana, Abkaziya ce gaba. Tashoshin bas da ke kan hanyar garuruwan Gagra da Pitsunda, waɗanda ake danganta wa mai zanen nan ɗan Jojiya, Zurab Tsereteli, an gina su da siffar kifi da ƙwaryar dodon koɗi, ga su nan a bakin titi. Sai dai shigar ba ta da sauƙi. Yankin ya ɓalle bayan yaƙin 1992 zuwa 1993, Jojiya kuma har gobe tana ɗaukarsa ƙasarta da aka mamaye. A dokarta ta 2008, wanda ya shiga ta ɓangaren Rasha, ta kogin Psou, ya aikata laifi. Ƙofar da ta amince da ita ita ce gadar Enguri kusa da garin Zugdidi, wadda kan buɗe ta kuma rufe, sannan sai da takardar izini daga hukumomin Sukhumi, babban birnin Abkaziya. Kamfanonin haya ba sa barin motarsu ta ƙetara, inshorarta ma ba ta aiki a can. Kuɗin Rasha ake kashewa, kuma in matsala ta taso ba ofishin jakadancin da zai iso gare ka. Ga mai motar haya dai, maganar ta mutu tun daga nan.

Batumi ba ta da wannan ciwon kai. Shahararren aikinta, ginin nan mai siffar dabbar teku mai hannu takwas na 1975, yana cikin lambun bakin teku, da ƙafa za ka je. Daga nan zuwa garin Kobuleti, in ka bi gaɓar da mota, bai wuce kilomita 30 ba.

A wannan ɓangaren, haɗarin a kan titi yake. Hanyar tana da kwana da ramin da mota ke bi ta cikin dutse, ga manyan motoci masu zuwa iyakar Turkiyya a Sarpi, ga shanu da ke kwanciya a kwalta abinsu. Kada ka taka birki don ka hango zane. Wuce, nemi fili inda tayoyi huɗu za su sauka daga kwalta, kunna fitilar gargaɗi, ka dawo da ƙafa kana fuskantar motoci masu tahowa. Batumi gari ne mai ruwan sama sosai, don haka ka fita da safe, kada magariba ta same ka a gefen hanya. Lambar gaggawa 112 ce.

Shi kansa ginin a yi hattara da shi, ko a wane ɓangare ne. Iskar teku mai gishiri tana bi ta tsaga ta iske rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tura simintin waje har ya ɓantare da gilashinsa. In ka ga jan ruwan tsatsa ya zubo a bango, ko gutsattsari a ƙasa, kada ka shiga ƙarƙashin rufin, kada ka hau, kada ka jingina. Sa takalmi rufaffe, don gilashin yana yanka kamar reza, wanda ya faɗo kuma ka bar shi inda yake.