Kuɗin hannu a Sana'iyyar Jidda

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Umma da yaran gareji duk suna lafiya. Ka tambaye ni ko gaskiya ne makanikai a nan da shebur suke kwasar kuɗi. Na ƙi amsawa ranar ne don ba na son in faɗi ji-ta-ji-ta. To, makon jiya esin tsohuwar Camry ɗina ta daina sanyi, kuma ka san a Jidda cikin watan Yuli mota ba esi tukunyar dambu ce. Dole na nufi Sana'iyya, unguwar da garejoji ke jere.

Abin da ya fara ba ni mamaki tun zuwana ƙasar nan shi ne yawancin makanikan ba su taɓa kuɗin kayan gyara. Mutum zai duba mota, ya yagi takarda ya rubuta abin da ake bukata, ya nuna maka shagunan da ke tsallaken titi. Nasa daban ne, shugul yad suke ce masa, wato kuɗin hannu, kuma tun kafin ya ɗauki sifana ake yanke shi. Wani Bafakistane ne ya duba tawa, ya ce kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin esi, ta mutu, hannunsa da ɗura gas riyal 350. Na ce 200. Ya dafa ƙirji ya ce "Wallahi ya Hajji", muka daidaita a 280. Ciniki dai iri ɗaya ne da na Ƙofar Ruwa, harshe ne kawai ya bambanta.

A shago kuma sai a tambaye ka: asali ko tijari? Asali shi ne na kamfani, cikin kwalinsa, tijari kuwa na kasuwa ne, akwai mai kyau akwai na jeka-ka-dawo. Ko wanne ka ɗauka za a ba ka rasit da harajin kashi 15 cikin ɗari a rubuce, wanda da kashi 5 ne lokacin da aka fara a 2018, aka ninka shi uku a Yulin 2020. Ni da na ji farashin asali sai na yi sallama na wuce tashlih, filin da ake farfasa motocin da suka yi haɗari. Shi ne Beljiyam ɗinmu na nan. Na samu wadda aka cire daga mota irin tawa, mai ita ya shafa mata fenti don shaida, ya ce in ba ta yi ba cikin kwana uku in mayar.

Na san idan ka juya 280 zuwa naira za ka ce aikin awa biyu ne fa. Ni ma haka na riƙa yi a shekarata ta farko, har wani dattijo Bahaushe mai bugun bodi, haifaffen Makka da kakanninsa suka zo aikin hajji suka zauna, ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. Akwai hayar shago, akwai iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da inshorar lafiya, ga harajin da ake biya a kan baƙon ma'aikaci wanda ya kai riyal 800 a wata, ga kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya maka, sannan a aika wa iyali. Ya ce, "Ɗana, kafin in ci riyal ɗaya mutum huɗu sun ci." Tun ranar na rage zafin ciniki, amma ban daina ba.

Sai na tuna yadda muke yi a gida. Mai mota ya zo da Lexus, ka wuni a ƙarƙashinta, da yamma ya miƙo abin da bai kai kuɗin cefane ba ya ce "a yi haƙuri, Oga". To ina makaniki zai fanshe? Sai a kan kaya, a aiki yaro kasuwa a ɗora wani abu a kai. Mai mota ya sani, kai ma ka san ya sani, kowa na zargin kowa. Ni a ganina rowar masu mota ce ta haifi rabin abin da ake zagin makanikai a kai.

Kada ka ɗauka nan babu cuta. Tasu ita ce canji: ba su son buɗe abu su gyara, cirewa kawai a sa wani, don ya fi sauri kuma wata motar na jira. Abin da za ka warware ka sa masa buroshi ya ƙara shekara biyu, nan bola za a jefa shi. Akwai kuma masu jona kwamfuta su karɓi kuɗin dubawa, su karanto maka laifi goma alhali fis ne ya ƙone. An taɓa yi mini haka a wani gareji, ban koma ba. Ko makanikin da ya tura ka wani shago takamaimai, sau da yawa yana da kasonsa a can.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne haɗari. In motoci masu inshora suka yi karo ba a ji rauni ba, kamfanin Najam mai duba haɗari ake kira su raba laifi, a je cibiyar Taƙdir a ƙiyasta ɓarnar a rubuce, kuma mai bodi ba zai taɓa motar ba sai ya ga takardar izinin gyara. Babu tara jama'a a titi ana cika baki. Haka kuma sai mota ta ci fahas, gwajin birki da fitilu da hayaƙi, kafin a sabunta takardunta, don haka aikin ha'inci yana tonuwa.

Esi dai yanzu tana sanyi kamar randa. Amma zuciyata ba ta kwanta da mutuwar tsohuwar kwamfuresar nan ba, don makanikin ko buɗe ta bai yi ba, kunne kawai ya kara. Tana cikin but. Zan haɗa ta da dabinon Umma a kayan da zan aiko ƙarshen wata, ka kwance ta ka gaya mini abin da ka gani.