Tsohon akodiyon da na tsinta a gwanjon Jamus

Yaya, ina gaisuwa, a miƙa mini gaisuwa wurin Inna da mutanen Birni baki ɗaya. Ka ce in riƙa ba ku labarin kaya da farashinsu a nan, to ga na wannan watan.

Ran wata Asabar na shiga kasuwar gwanjo a Shitutgat. Ba irin Kasuwar Dole ba ce: kowa tarkacen ɗakin kakansa yake kwasowa ya baje a tebur, ba dillali ba la'ada. Can na hangi akodiyon mai maɓallai, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Matar da ke sayar da shi ta ce yuro 60, na taya 30, ta yi mini kallon wanda ya zagi iyayenta. Muka daidaita a 40, jaka 26 da 'yan kai ke nan a kuɗinmu na sefa. Shekarunsa fa? Ta ce ita dai ta tashi ta gan shi a gidansu.

Neman shekarun nan ne ya nuna mini bambancinmu da su. A gida ka kai rediyo wurin mai gyara, a gabanka zai kwance ta kuna shan shayi, dubawa kuma kyauta ce. A nan sai da na ɗauki randebu wurin wani dattijo mai gyaran akodiyon, na jira mako biyu, kuma kuɗin dubawa kaɗai ya kusa kamo kuɗin saye.

Amma dattijon ya ci kuɗinsa halal. Bai fara da kaɗawa ba, sunsuna shi ya yi, wai in danshi ya taɓa zama a ciki hanci ne ke fara sani. Sannan ya zare 'yan ƙusoshin da ke riƙe zugazugin, ya buɗe cikin, ya shiga karanta shi yadda ake buɗe bakin rago a ƙirga haƙora. Tambarin Hohner ne. Kamfanin ya kafu a garin Torosingen a 1857, amma da ɗan abin busa na baki ya fara, sai 1903 ya shiga ƙera akodiyon, don haka nawa ba zai girmi wannan shekara ba. Da a ce GDR aka buga a jikinsa, da na Jamus ta Gabas ne, tsakanin 1949 da 1990. Ya ƙwanƙwasa gangar jikin: na da can katako ne tsirara, lulluɓin roba mai sheƙi irin na nawa kuwa bai yaɗu ba sai wajen shekarun 1920 zuwa 1930. Ya nuna mini 'yan harsunan da ke ba da sauti. Na tsofaffi sosai tagulla ne, nawa ƙarfe ne, amma farantan da suke kai na tutiya ne, ba alminiyon da ya cika na baya-bayan nan ba. Ya ce shekarun 1930, ko kaɗan bayan haka. Na matsa masa ya yanke shekara guda, ya ƙi. Da a kasuwarmu ne, da tuni an rantse maka har da watan.

Ya kuma gargaɗe ni kada in zo da shi gida da bazara. Da kakin zuma aka manne farantan, zafin Damagaram kuwa zai iya sassauta shi su zubo.

Inda muka fi su shi ne fata. Kusan kowane harshe yana da 'yar fatar da ke toshe iska, nawa duk sun bushe sun nannaɗe, kuma abin da ya ce zai karɓa na canza su ya isa sayen akuya da fatarta. Na ba shi labarin majemanmu, ya ce yana son ya gani da idonsa. Don Allah Yaya, ka leƙa wurinsu ka samo mini fatar akuya mafi laushi, a kankare ta ta yi siririya kamar takarda, ka ba duk mai tahowa.