Garmin inReach Mini 2 a hannun mai neman kafa tarihin gudu a cikin kurmi

Duk wanda ya ɗaura niyyar zagaye wata hanyar daji mai wuya cikin lokacin da babu wanda ya taɓa yi, kamar hanyar Wonderland mai tsawon kusan kilomita 150 da ta kewaye dutsen Rainier a jihar Washington ta Amurka, yana fuskantar matsalar da mai tseren gasa bai san da ita ba: babu alƙali a bakin layi, babu 'yan kallo, don haka shi ne zai kawo shaidar abin da ya yi. Shafin Fastest Known Time, wanda ke tattara irin waɗannan bajintoci, yana neman bayanan GPS kafin ya amince da lokacin mutum. A nan ne inReach Mini 2, ƙaramar na'urar aika saƙo da nuna wurin da mutum yake, wadda kamfanin Garmin ya fitar a 2022, take da amfani.

Nauyinta giram 100 ne, kuma ba ta dogara da layin waya, domin tana aika saƙo ta taurarin ɗan'adam 66 na kamfanin Iridium. Takan tura wurin da mai gudu yake zuwa taswirar da kowa zai iya bi a intanet, tana kuma da maɓallin neman agaji wanda ke kai kira ga cibiyar da ke aiki dare da rana. Ruwan sama ba ya hana ta aiki. Ba ta aika komai sai ana biyan kuɗin hidima na wata-wata, kuma wannan ɗawainiya ce da ya kamata mai saye ya lissafa tun farko.

Inda ya kamata a tsaya a duba da kyau shi ne halinta a ƙarƙashin bishiyoyi. Kamfanin ya ce batirin kan kai kwana 14 idan tana aika wuri kowane minti 10 a sararin da babu abin da ya tare sama, amma shi da kansa ya rage adadin zuwa kwana 4 inda bishiyoyi suka rufe sama daidai gwargwado. Dalili kuwa shi ne ganye da gangaren kwazazzabo suna tare sigina, sai na'urar ta yi ta maimaita ƙoƙari har wani tauraro ya gifta ta inda sama ta buɗe, kuma kowane ƙoƙari yana cin wuta. Ga zagayen da za a gama cikin yini ɗaya ko biyu, kwana 4 sun wadatar, sai dai masu bin mutum daga nesa su san cewa alamarsa na iya tsayawa wuri ɗaya na ɗan lokaci alhali yana ta gudu. Rataye ta a kan maɗaurin kafaɗa na jaka, eriya na kallon sama, yana rage wannan sosai. Cusa ta a ƙasan jaka kuwa ɓata kuɗi ne.

A ganina kuskure ne a ɗauke ta a matsayin mai riƙe lokaci. Wanda ke tafiyar kilomita 6 a awa yana cin kilomita guda cur tsakanin alama da alama idan tana aika wuri kowane minti 10, kuma a hanyar da ke lanƙwasa tana hawa tudu, layin da ya haɗa alamun biyu zai yanke kwanoni, ya nuna tazarar da ba ta kai ta gaskiya ba. Agogon GPS da ke rubuta wuri kowace daƙiƙa shi ne ya dace da wannan aiki. Abin da inReach ke ƙarawa shi ne shaidar da ta fita daga hannun mai gudu tun yana kan hanya, wadda ba zai iya gyara ta daga baya ba, kuma ita ce ke rufe bakin masu shakka.

Rubuta saƙo a kanta yana da wahala, domin allon ƙarami ne kuma da maɓallai ake zaɓen haruffa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ya yiwuwa cikin sauƙi ga mutumin da ya kwana yana gudu, yatsunsa sun sandare da sanyi. Haɗa ta da waya yana sauƙaƙa rubutun, amma ya fi kyau a dogara da gajerun saƙonnin da aka tanada tun kafin a tashi. Wanda ya zaɓi yin zagayen ba tare da taimakon kowa ba, yana ɗauke da duk guzurinsa, yana ɗiban ruwa daga rafi, shi ya fi kowa buƙatarta, tunda idan ya karye a tsakiyar kurmi babu wanda ke jiransa a mahaɗa ta gaba. Mai gudu a gajeren zagaye inda layin waya ke kamawa zai iya haƙura da ita, agogonsa da wayarsa sun ishe shi.