Batir 3S ko gyaran ƙafafu: wanne zai hana motarka kifewa a kwana?

Ɗan'uwa, ka ce motarka mai rimot, Traxxas Stampede mai manyan tayoyin nan, tana wuntsilawa duk sanda ta sha kwana a filin da muke haɗuwa ranar Lahadi, kuma kuɗin hannunka abu ɗaya za su iya: ko batir 3S, ko man shokazoba da sabbin tayoyi. Duka biyun na gwada.

Batir tukuna. Batirin LiPo (irin na lithium) 2S, wato mai sel biyu, bolt 7.4 yake bayarwa, 3S mai sel uku kuwa 11.1, ƙarin rabi ke nan. Ka fara duba wacce ce taka, don samfurin VXL, mai moto marar burushi, ce ke ɗaukar 3S, mai moton burushi iyakarta 2S. A miƙaƙƙiyar hanya za ka ji daɗin gudun, babu musu. To amma filin tsere kwana ta fi yawa, kuma motar da ke kifewa da 2S, in ka ƙara mata wuta sai dai ta kife da wuri. Tayoyin ma kumbura suke in juyi ya yi yawa, tsakiyarsu ta tashi, abin da ke taka ƙasa ya ragu. Ga kuma zafin Kano. A watan Afrilu rana kan kai digiri 40, moto kuwa ba a so ya haura wajen digiri 70. Da na sa 3S a bazara, bayan 'yan mintoci na kasa ɗora yatsa a kan moton. Dole na koma ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora, gudun da na biya kuɗi dominsa ya ragu. Sauri ya haifi nawa.

Gyaran ƙafafu kuwa a kan ainihin ciwon yake aiki. Irin waɗannan motoci don tsalle aka ƙera su, dogaye, ƙafafu da laushi, nauyi a sama. Da ka murɗa sitiyari jiki zai kwanta gefe, tayar waje ta cije ƙasa, sai ka ga ciki a sama. Matakin farko ko sisi ba ya ci: zare zobban robar da ke matse sifirin, motar ta sauko har sandunan da ke juya tayoyi su kusa miƙewa daidai da ƙasa. Daga nan ka zuba man silikon da ya ɗan fi na yanzu kauri, yana rage saurin kwanciyar jiki. Kada ka cika kaurin, filinmu akwai gargada, motar za ta riƙa tsalle-tsalle tana sakin ƙasa. In sandunan sama masu riƙe kan tayoyi na juyuwa, karkata kan tayoyin ciki da digiri 1 ko 2.

Taya ita ce ta fi ba ni mamaki. A kan jar ƙasa mai tauri da ƙura a samanta, gajeriyar taya mai ƙananan ƙuraje ta fi mai manyan zane riƙewa, kuma takan ɗan zame kafin ta kayar da kai, ka sami damar sassauta totur.

Ni dai ƙafafu zan sa wa kuɗin. Ka riƙa canza abu ɗaya kana zagaye, kana duba agogo. In hunturu ya shigo kuma, goge sandunan shokazoba bayan kowane wasa, ƙura na cin robar da ke tare mai. Ka zo da ita ranar Lahadi bayan la'asar, ina da mai kala biyu, mu gwada.