Awa tara a garejin haya: yadda na ƙara wa Tacoma tsayi

A gidan hayar da nake zaune a Columbus, jihar Ohio, ko juyen baƙin mai ba a yarda ka yi a wajen ajiye motoci ba, balle ka kwance ƙafafun mota. Ga shi na riga na sayi kayan ƙara wa akori-kurata tsayi, Toyota Tacoma ƙirar 2017: shokazoba Bilstein 5100 guda huɗu, da ƙarin fallen sifirin na baya. Kuɗin aikin da bakanike ya yanka mini ya kusa kamo kuɗin kayan, sai na nemi irin garejin nan da kake hayar gurbi ka yi gyaranka da kanka.

Dala 35 suke karɓa a awa, ko dala 220 na wuni. Na zaɓi na awa, wai ina ganin awa huɗu ta ishe ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Mun isa ƙarfe takwas na safiyar Asabar ni da ƙanin matata. Kafin mu taɓa komai sai da na sa hannu a takardar cewa in na ji ciwo babu ruwansu. Ma'aikacin ne ya saita motar a kan injin ɗagawa mai ginshiƙi biyu, ya girgiza ta ya tabbatar ta zauna, sannan ya miƙa mini makullin akwatin kayan aiki. Wurin tsaf yake, ga haske, ga ɗumi. Wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota a kan kwali shi zai san daɗin tsayawa a miƙe kana kallon cikinta sama da kanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne injin matse sifirin da ke kafe a bango. Sabuwar shokazobar gaba tana da tsaga-tsaga a jikinta da wani zobe da ke riƙe mazaunin sifirin, inda ka sa zoben ne ke nuna tsayin da gaban motar zai yi, don haka dole ka cire tsohon sifirin ka mayar da shi kan sabuwar. Sifirin ɗin da aka matse in ya kuɓuce, yana iya karya ƙashi. Injin bangon ya riƙe shi gam. Matsalar, guda ɗaya ne tak a duk garejin. Minti arba'in na yi ina jiran wani mai Jeep ya gama, agogona kuwa yana ta tafiya. Da na yi magana aka ce haka tsarin yake. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Sai tsatsa. A Ohio gishiri ake watsa wa tituna da hunturu don ƙanƙara ta narke, shi kuma yana cin ƙarƙashin mota. Notin ƙasan shokazobar hagu ya ce bai san zance ba. Mun fesa mai, mun sa bindigar iska, mun ɗora dogon ƙarfe mun danna mu biyu. Ƙanin matata ya share gumi ya ce, "Yaya, da a Kano ne da tuni yaran gareji sun kawo wuta." Nan kuwa ba a ba ɗan haya wuta. Ma'aikacin ya zo ya duba, ya ba da shawara, amma ya ce dokar inshorarsu ta hana shi sa hannu a motar kowa. A ƙarshe yanke kusar muka yi, na aiki ƙanin matata shagon kayan mota ya sayo wata. Awa guda da rabi ta tafi a nan.

Baya bai wahalar da mu ba. Sun ba mu dogon jak muka tokare gadar baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, muka riƙa sauke ta a hankali ina lura da tiyon birki kada ya miƙe ya tsinke. Shawara ɗaya da ma'aikacin ya ba ni ta biya kuɗinta: kada in ɗaure kusoshin da ke ratsa roba tamau sai motar ta sauka ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Ƙarfe biyar muka fito, awa tara cif, dala 315. Na roƙi a mayar mini da shi kuɗin wuni, aka ce ai tun da safe ake zaɓa. Ba su da injin alaimen kuma, alhali duk motar da aka ƙara wa tsayi sai an saita mata ƙafa, don haka ranar Litinin na sake biya a wani wuri.

Zan koma ɗaure kusoshin sifirin na baya, tunda sukan saki bayan 'yan kwanaki ana hawa. Wannan awa ɗaya ce. Babban aiki kuwa na wuni zan biya, in kwana uku ina fesa wa notuna mai kafin ranar, in kuma tambaya ko akwai wanda ya riga ni layin injin bangon.